Injamena Ta Fi Legas Kusa

A shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, majalisar ƙofar shagon Auwalu tela da ke Gyadi-Gyadi ta cika fiye da yadda aka saba. Da an idar da la'asar sai a fito da benci biyu da tabarma a gindin darbejiya, kowa ya zazzage abin da ya jiyo a rediyo: wane ya samu kwamishina, wane an yi masa alkawari an saɓa. In gardama ta ƙi ƙarewa, sai a juya a dubi Malam Zakariyya.

Malam Zakariyya ya shekara talatin da ɗaya yana koyarwa. Labarin ƙasa ne fanninsa, kuma yana hedimasta ya yi ritaya. Dogo ne siriri, ba ya fita sai da farin gilashi da biro a aljihun gaba. Rabin magidantan unguwar sun zauna a ajinsa. Ba mugun mutum ba ne. Shi yake cika wa mutane fom kyauta, shi yake rubuta wa matan da mazansu suka rasu takardar neman haƙƙinsu a sakatariyar Tarauni. Aibinsa ɗaya: ba ya son a gyara masa magana, balle a gaban jama'a.

Cikin tsofaffin ɗalibansa akwai Alhaji Mu'awiya, ɗan kasuwar atamfa a Kwari, wanda ya yi wa jam'iyya hidima lokacin zaɓe aka saka masa da wani muƙami a Abuja. Tun daga nan ƙafarsa ba ta zauna ba, yau yana filin jirgi, jibi yana filin jirgi. Direbansa ya tsufa, ido ya fara ba shi matsala, sai ya sa a nemo masa wani. Auwalu tela ya ce yana da mutum, ɗan garinsu Garko, sunansa Ɗahiru, yana haya a Darmanawa da matarsa da 'ya'ya huɗu. Shekara tara ya yi yana tuƙa matuƙa jirgi na wani kamfanin dakon kaya a filin jirgin Kano, daga masaukinsu zuwa bakin aiki, har kamfanin ya durƙushe. Wata bakwai ke nan yana zaune.

Ranar wata Laraba, bayan an ɗauke ruwan sama, Auwalu ya kawo shi majalisa don Alhaji ya gan shi. Ɗahiru gajere ne mai kauri, ya kai shekara arba'in. Ya sa wankakkiyar shadda ruwan toka wadda karin guga bai bar ta ba. Ya durƙusa ya gaida kowa, ya koma ƙarshen tabarma ya zauna, ya naɗe ƙafa.

Alhaji bai fara da shi ba. Hira yake ba su ta harkokinsa. Ya ce wasu 'yan kasuwar Chadi sun matsa masa ya je Injamena ya ga kasuwarsu, an ce akwai jirgin da yake biyowa ta Kano ya sauka can, amma shi yana jin nauyin tafiyar.

Malam Zakariyya ya gyara zaman gilashi ya ce, "Dole ka ji nauyi. Wannan ai ba Legas ba ce da za ka je ka dawo a yini. Sai ka wuce Barno gaba ɗaya, ka ratsa ƙasar Kamaru, sannan ka shiga Chadi. Ƙasa uku fa ke nan."

Aka yi ta gyaɗa kai. Sai aka ji murya daga ƙarshen tabarma, ƙasa-ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam, a jirgi kam Injamena ta fi Legas kusa."

Ɗahiru ne. Da alama bai yi niyyar ta fito ba, domin yana faɗa ya sunkuyar da kai.

Malam ya waiwaya a hankali. "Me ka ce?"

"Cewa na yi ta fi kusa, ranka ya daɗe. A ofishin da nake jiran matuƙa akwai allo a bango, an rubuta nisan kowane gari daga Kano. Legas ɗari huɗu da hamsin. Injamena ɗari uku da tamanin da 'yan kai. Kullum ina kallonsa, shi ya sa na riƙe."

"Legas ɗari huɗu da hamsin." Malam ya maimaita yana duban jama'a. "Kun ji? Ni da na je Legas sau shida a mota, kilomita dubu da wani abu, yau an rage mana ita ta dawo kusa da Kaduna. Ashe da farar hula suka hau har Legas suka matso mana da ita."

Aka fashe da dariya. Ɗahiru ya yi murmushin yaƙe ya ce, "Ba kilomita ba ne, Malam. Mil ne, irin nasu na jirgi. Nasu daban ne da na mota."

"Au, jirgi ma yana da nasa mil ɗin? To jaki fa, nawa ne nasa?"

Wannan karon har Alhaji sai da ya riƙe ciki. Wani mai sayar da kayan gyaran babur a kusa, wanda ba ya raina abin dariya, ya miƙe ya sara wa Ɗahiru irin na soja ya ce, "Sannu Kyaftin!"

A daidai lokacin wani abu ya ɗarsu a zuciyar Malam Zakariyya. Ya tuna siffar taswira, yadda Tafkin Chadi yake maƙale a kafaɗar Najeriya, Legas kuwa tana can ƙasa a bakin teku. Da ya yi shiru na minti ɗaya da ya gano. Amma dariyar ta yi masa daɗi, idanu duk suna kansa, sai ya ci gaba.

"Bawan Allah, ajin nawa ka tsaya?"

"Aji uku na firamare, ranka ya daɗe."

"To ni abin da kake magana a kai shi na koyar shekara talatin da ɗaya. Ɗaukar matuƙin jirgi a mota ba ya mai da mutum matuƙin jirgi. In ka shiga cikin manya ka riƙa sauraro."

Ɗahiru ya ce, "Na gode, Malam. A yi haƙuri." Ya zauna a inda yake har aka kira magariba. Auwalu tela ya koma kan kekensa yana ta ɗinki, bai ɗago ba.

A hanyar masallaci Alhaji Mu'awiya ya rage tafiya ya jera da tsohon malaminsa. Ya ce, "Malam, ya ka ga mutumin nan? Auwalu ya yabe shi ƙwarai."

Malam ya taɓe baki. "Kai za ka zauna da shi, ba ni ba. Amma wanda zai ƙirƙiro lamba a gaban dattawa ido ba kunya don a ce ya sani, ban san abin da zai gaya maka ba ranar da ya buga maka mota."

Alhaji ya ce, "Haka ne." Kafin Juma'a ya ɗauki wani direba daga Babban Giji.

Washegarin Larabar, da hantsi, Malam ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ya ciro tsohon littafin taswirarsa. Jiya kafin a watse ya ce musu zai kawo shi majalisa da yamma ya buɗe a gaban kowa, a rufe maganar. Ya zauna a tsakar gida, ya ce wa matarsa Hajiya Jummai ta ba shi zare. Tana tsince shinkafa a faranti, ta miƙo masa baƙin zare daga gwangwanin ɗinkinta.

Ya buɗe shafin Afirka ta Yamma. Ya ɗora bakin zaren a kan Kano, ya ja shi zuwa Legas, ya danne da farce. Ya juya zaren gabas, bai saki farcen ba. Zaren ya kai Injamena, ya wuce ta da kusan faɗin ɗan yatsa.

Ya ce a ransa zaren ne ya saki. Ya sake. Ya tashi ya ɗauko rula, ya auna, ya duba ma'aunin da ke ƙasan shafin, ya ciro biro ya yi lissafi a bayan wata tsohuwar ambulan. Kano zuwa Legas, kilomita ɗari takwas da talatin, ko kusa da haka. Kano zuwa Injamena, ɗari bakwai da 'yan kai. Ya buɗe bayan littafin inda aka jera ma'aunai, ya sami mil na teku da na jirgin sama, wanda shi da kansa ya sha rubuta wa yara a allo. Ya raba. Ɗari huɗu da hamsin. Ɗari uku da tamanin da biyu.

Ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya zauna yana kallon ambulan ɗin.

Hajiya Jummai ta ce, "Malam, lafiya? Ka yi wani iri."

"Ba komai."

"Shekara talatin da shida ina tare da kai. Me zaren ya gaya maka?"

Ya ba ta labari a gajarce, ya tsallake abin da ya faɗa wa Alhaji a hanyar masallaci. Ta ajiye farantin ta ce, "To ai da sauƙi. Ka je da yamma ka ce bawan Allah nan ya fi ka gaskiya. Wa ya fi ƙarfin kuskure?"

Ya ce, "Zan faɗa."

Da la'asar ya fita, littafin yana kan gado. Yana zama mai kayan babur ya ce, "Malam, ina taswirar da ka ce za ka kawo mu ga ƙasar Kyaftin?"

Maganar tana bakinsa. Ya dubi fuskokinsu, mutum tara ko goma, huɗu daga ciki ɗalibansa. Sai ya ji kansa yana cewa, "Na duba akwatin, gara ta cinye littafin."

Aka yi masa jaje. Wani ya ce ai ba a bukatar littafi, Malam shi ne littafin. Ya yi murmushi.

Ya ce gobe zai faɗa. Gobe ta zo aka wuni ana gardamar rabon muƙamai, bai ga ƙofar shiga ba. Jibi Alhaji yana nan, ya ga ba zai iya a gabansa ba. Da mako ya zagayo sai maganar ta ƙara nauyi, domin yanzu ba kuskure kaɗai zai amsa ba, har da ƙaryar gara.

Sunan Kyaftin kuwa ya bi gari. 'Yan acaɓa na bakin titi suka ɗauka. Duk wanda ya yi cika baki a majalisa sai a ce masa, "Kai ma mil ɗin jirgi ne?" a yi dariya, a dubi Malam don ya taya. Yakan taya da ɗan murmushi. Sau ɗaya ya hango Ɗahiru daga nesa yana tahowa ta layin shagon, sai ya ga ya tsaya, ya juya ya bi wani lungu. Auwalu tela bai daina gaishe shi ba, amma gaisuwar ta zama gajera, kuma ya daina aiko masa da ruwan sanyi kamar da.

A gida abinci ya daina shiga. Hajiya Jummai ta tambaye shi sau biyu ko ya faɗa, ya ce yana neman lokacin da ya dace. A karo na uku ba tambaya ta yi ba. Ta dawo daga suna a Darmanawa, ta cire mayafi ta zauna a bakin gado.

"Na ga matar direban nan, Uwani. Ba ta san ni ba. Ina ji tana gaya wa wata cewa mijinta ya samu aiki a hannu, wani dattijo ya ce maƙaryaci ne, aka fasa. Malam, wane dattijo ne?"

Ya cire gilashi ya riƙe a hannu.

"Wannan ba ka gaya mini ba."

"Tambayata aka yi, na faɗi abin da na gani a lokacin."

"A lokacin. Yau kwana nawa da ka san ba haka ba ne?"

Ya ƙirga a zuci. Kwana goma sha tara. Ta tashi ta shiga kicin, ranar ba ta ƙara yi masa magana ba sai abin da ya zama dole.

Ya yanke cewa ranar Juma'a zai yi, bayan an sauko, lokacin da majalisa ta fi cika. Amma ranar Alhamis Alhaji Mu'awiya ya sauka daga mota da ledar dabino da kilishi, tsarabar Chadi. Ashe ya yi tafiyar. Aka yi masa barka da sauka, aka tambaye shi gajiya.

Ya ce, "Wace gajiya? Ni abin ma mamaki ya ba ni. Mun tashi, an ba mu lemo, ban gama sha ba na ji ana cewa a ɗaura bel za a sauka. Na duba agogo. Wallahi ko tafiyar Legas ba ta kai..."

Sai ya tuna. Ya katse, ya dubi Malam, ya kawar da kai.

Alhaji ya yi gyaran murya. "To, ka san jiragen ƙasashen waje sun fi namu gudu. Wataƙila shi ne."

Mai kayan babur ya karɓe. "Ko iska ce ta tura ku ta baya."

Wani ya ce, "Kuma agogonsu ai ba lallai ya zama ɗaya da namu ba."

Malam Zakariyya yana zaune yana jin yadda manyan mutane masu iyali suke ƙaƙaro dalilai don su rufa masa asiri. Da sun yi masa dariya da ya fi masa sauƙi. Ya dafa benci ya miƙe.

"Ku bari," in ji shi. "Ba gudun jirgi ba ne, ba iska ba ce, agogonsu kuma ɗaya ne da namu. Injamena ta fi Legas kusa da fiye da kilomita ɗari. Lambobin da Ɗahiru ya faɗa daidai suke, har mil ɗin da na yi wa ba'a. Akwai shi, na koyar da shi."

Alhaji ya ce, "Haba Malam, ai kowa yana mantuwa."

"Ban gama ba, Mu'awiya. Ba yau na sani ba. Tun washegari na auna. Littafin yana ɗakina, gara ba ta taɓa shi ba. Ƙarya na yi muku. Kuma na ce maka mutumin nan maƙaryaci ne, ka hana shi aiki a kan maganata."

Ba wanda ya dube shi. Wani yana wasa da carbi, wani yana kallon takalminsa. Keken Auwalu ya tsaya. Malam ya ɗan jira ko wani zai ce wani abu, da bai ji ba ya sa takalmi ya nufi gida. Bai fito magariba ba, a ɗaki ya yi.

Da safe ya je shagon Auwalu tun kafin a buɗe sosai, ya tambayi kwatancen gidan. Auwalu ya ce ba zai same shi a gida ba, yana tashar Unguwa Uku, yana yi wa direbobi kiran fasinja, wani lokaci in wani ya gaji a ba shi mota ya kai Kaduna ya dawo. Ya ƙara da cewa, "Malam, ni na kawo shi. Har yau ban iya haɗa ido da matarsa ba." Malam ya ce, "Na sani, Auwalu."

Ya hau acaɓa, abin da ya daɗe bai yi ba. Tasha ta yi caɓi saboda ruwan daren jiya, ya tattare babbar riga yana tsallake kwatami. Ya tambayi wani mai sayar da rake ina zai ga Ɗahiru na Garko. Mai raken ya ce bai san shi ba. Ya yi kwatance: gajere, mai kauri, tsohon direban filin jirgi.

"Au, Kyaftin! Ga shi can wajen motocin Kaduna."

Har nan sunan ya iso. Malam ya tsaya jim kafin ya iya ɗaga ƙafa.

Ya same shi riƙe da jakar wata mata yana cusa ta a but ɗin wata mota, yana kiran, "Kaduna mutum biyu!" Riga ce mai gajeren hannu a jikinsa, ta jiƙe da gumi. Da ya ga Malam sai ya rufe but ɗin, ya goge hannu a wando, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe. Tafiya za a yi?"

"A'a. Wajenka na zo."

Suka koma gefen wata rumfa inda hayaniya ta ragu. Malam ya shirya magana tun a gida, mai tsari, amma da ya buɗe baki sai ta watse. Ya ce, "Kai ne da gaskiya. Na auna. Na daɗe da sani ban faɗa ba. Ni na hana ka aikin Alhaji. Na zo ka yafe mini."

Ɗahiru ya share gumin goshinsa. Sannan ya ce, "Na san da gaskiyata, Malam. Amma ba tun ranar ba. Ranar da na koma gida ban iya cin tuwo ba. Na ce mutum kamar Malam ba zai faɗi abu a banza ba, wataƙila ni ne na shekara tara ina karanta allon nan a juye. Da safe na taka har filin jirgi."

"A ƙafa?"

"A ƙafa. Ofishin namu an rufe, amma maigadin ya san ni, ya buɗe mini. Allon yana nan, ƙura ta rufe shi. Na goge da hannun riga na duba. Yadda na faɗa haka yake." Ya ɗan yi dariya marar daɗi. "Na tsaya ina murna ni kaɗai a ɗakin da ba kowa. Sai na ce to wa zan gaya wa? Wa zai bar maganar hedimasta ya ɗauki ta ɗan aji uku?"

Malam ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce, "Zan koma wajen Mu'awiya. Ɗalibina ne, ba zai ƙi ni ba."

"Ya sallami wanda ya ɗauka? Na san shi, Malam, yana da iyali kamar ni. Kada a cire shi saboda ni. Abin da Allah bai rubuta mini ba ne."

"To me zan yi maka?"

"Na yafe. Amma tunda ka tambaya, abu ɗaya ne. Babban ɗana yana aji shida. An kai masa sunan nan makaranta, ana ce masa ɗan Kyaftin, ya yi faɗa har an fasa masa leɓe. Ya tambaye ni ko da gaske ƙarya na yi. Na ce a'a. Ya yi shiru, amma na ga bai gamsu ba, don an gaya masa hedimasta ne ya faɗa. In za ka iya, ka zo gidana ka gaya masa da bakinka."

Wani direba ya ƙwala kira daga nesa, "Kyaftin, mota ta cika!" Ɗahiru ya ɗaga masa hannu, ya rusuna wa Malam, ya koma da gudu.

Ranar Asabar da hantsi Malam Zakariyya ya tafi Darmanawa, Hajiya Jummai ta raka shi, ba tare da ya roƙe ta ba. Gidan haya ne mai ɗakuna shida, kowane da labule a ƙofa. Uwani ta shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakinta, ta kawo ruwa, ta gaida Hajiya da fara'a, shi kuwa ta gaishe shi ba ta dubi inda yake ba. Matan gidan suka rage wanke-wanke, kowace ta kasa kunne.

Ɗahiru ya kira ɗansa Ahmadu, ya zo ya durƙusa, tabon leɓen bai gama warkewa ba. Malam ya taɓa tsayawa a gaban ɗalibai ɗari bakwai ya yi jawabi ba takarda, amma a nan sai da ya sha ruwa sau biyu.

Ya ce, "Ahmadu, ni ne hedimastan da aka gaya maka. Abin da mahaifinka ya faɗa gaskiya ne. Ni ne ban sani ba, na yi masa dariya a cikin mutane. Da na gane kuma na ɓoye. A maganar nan mutum ɗaya ne ya yi ƙarya, ni ne."

Ahmadu ya dubi mahaifinsa, ya dubi Malam, ya ce, "To." Daga bayan wani labule aka ji wata ta ce, "Ikon Allah," wata kuma ta yi 'yar dariya ta toshe baki. Uwani ta juya ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce wa Hajiya Jummai su tsaya su ci abinci. Hajiya ta ce sun gode, wani lokaci.

Ɗahiru ya raka su har bakin titi, ya tare musu tasi, ya buɗe wa Hajiya ƙofa.

Aikin Alhaji bai dawo ba. Malam ya rubuta wasiƙu uku zuwa ga tsofaffin ɗalibansa da suka samu shiga sabuwar gwamnati, ɗaya ya amsa da alkawari, biyu ba su amsa ba. Sai bayan sallar layya wani mai motocin haya a tashar ya ba Ɗahiru bas yana Kano zuwa Jos, saboda ya ga tuƙinsa, ba da sa bakin kowa ba. Sunan Kyaftin bai bar shi ba, har ya zama ko fasinja da shi suke nemansa, shi ma ya daina damuwa.

Malam Zakariyya ya yi kusan wata biyu bai zauna a majalisa ba. Auwalu tela ne ya je har gida ya ce benci ya yi faɗi, ya dawo. Ya dawo, aka matsa masa wurinsa na da, ba wanda ya tayar da maganar. Shi da Ɗahiru sukan haɗu jefi-jefi a masallacin Juma'a ko wajen jana'iza. Kullum Ɗahiru ne yake fara rusunawa ya gaishe shi, Malam kuma ya amsa da sauri, ya tambayi iyali, ya rasa abin da zai ƙara.